Hijirar da na yi don rawanin wani

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na yi hijira saboda rawanin da ba a kaina za a naɗa shi ba. Yanzu da aka kawo zaɓe, samarin Illela suna ta ɗaga jijiyoyin wuya a kan jam'iyyu, wannan ya daina gaida surukinsa, wancan ya rantse in wane ya ci zai bar ƙasar, sai in zauna bakin zaure ina kallonsu, kuma ba na dariya. Ni ma na taɓa yin irin wannan rantsuwa. Bambancina da su shi ne ni na cika tawa (su aƙalla bakinsu ne kawai ke tafiya, ƙafafunsu na gida).

A lokacin Turawa ba su daɗe da raba ƙasa ba. Sun zo sun kakkafa duwatsu a tsakiyar gonakin mutane, suka ce daga nan zuwa kudu na Ingilishi ne, daga nan zuwa arewa na Faransa. Mu dai dutse muka gani a gonar gero. Kawuna a Ƙonni yake zaune, kasuwanninmu ɗaya, aurenmu ɗaya. Ni kuwa saurayi ne mai tufkar igiya, ta kaba da ta rama, kuma ba yabon kai ba, daga Illela har Ƙonni an san igiyata ba ta tsinkewa. Ina da mata ɗaya, Ige, da cikin fari wanda ya riga ya tsufa.

Sai Turawa suka kama yaƙi da 'yan uwansu da ake ce wa Jamus, can wata duniya da ba wanda ya taɓa gani a cikinmu. Yaƙin nasu ne, amma kawunan ɗaukar kaya namu ne. A ɓangarenmu ana neman mutane ta hannun masu gari, a yi ta ja-in-ja. A ɓangaren Faransa kuwa ba a tambaya, kamu ake yi. Kullum sai ka ga mutanen can sun ɓullo ta daji da ƙwarya a kai da awaki a gaba, suna neman inda za su raɓa. Ana cikin wannan hali Allah ya yi wa mai garinmu rasuwa, kuma kowa ya san duk wanda ya gaje shi, shi zai riƙa cewa ɗan wane zai tafi, ɗan wane zai zauna.

Mutum biyu suka fito neman sarautar, dukansu 'yan gidan ne. Akwai Ummaru, dogo, mai murya, mai kyauta, wanda in ya shigo kasuwa sai ka ji ta canza. Ana cewa ranar da Turawa suka zo Sakkwato yana cikin waɗanda suka tsaya. Akwai kuma Labbo, gajere, mai sanyin magana, wanda in ka yi masa tambaya sai ya daɗe yana kallon ƙasa har ka manta abin da ka tambaya. Shi kuma ana cewa a waccan rana cikin rumbu ya ɓuya.

Ni na Ummaru ne, jini da tsoka. In ka tambaye ni dalili a lokacin, zan ce maka kishin ƙasa ne da addini. Gaskiyar magana ita ce wata ranar kasuwa ya tsaya gaban shimfiɗata, ya ɗaga igiya ya ja ta da hannu biyu, ya ce, "Kai, wanga yaro ya iya aiki," ya jefo mini goro fari. Shi ke nan. Goro ɗaya. Daga ranar na zama bakinsa a gari ba tare da ya aike ni ba.

Labarin rumbun nan, ni na raine shi har ya girma. Ban ga rumbun ba (lokacin da abin ya faru ko wando ban fara sawa ba), amma na san girmansa, na san gero ne a ciki ba dawa ba, na san har yadda Labbo ya fito da ƙaiƙayi a gemu. Ina tufka ina bayarwa, mutane na dariya. Na ce in aka ba Ummaru, Bature ko ɗan akuya ba zai samu a garin nan ba. In kuwa aka ba Labbo, zai kora mu gaba ɗaya ya miƙa, ya koma rumbunsa. Har a kan yaƙin Jamus ina da ra'ayi, ni da ban taɓa wuce Gwadabawa ba.

Ranar da bakina ya kai ni ya baro, muna zaune gindin tsamiyar kasuwa, cike da mutane, har da liman. Taubashina Garba, ɗan gwaggona, wanda aikinsa a duniya shi ne tsokanata, ya ce, "To in anka ba Labbo fa? Mi za ka yi?"

Na miƙe tsaye, na ɗaga hannu sama. "In anka naɗa Labbo, wallahi tallahi ba ni ƙara kwana ƙasa tai. Kuma bakin ga nau ba shi ce mai ranka shi daɗe, har in koma ga Allah."

Wurin ya yi tsit. Na ɗauka girmana ne ya kama su.

Ba a jima ba saƙo ya zo daga ubanƙasa, Sakkwato ta amince, aka naɗa Labbo. Na shige ɗaki na ce zazzaɓi nake yi. Liman ya aiko aka kira ni, ya zaunar da ni a kan buzunsa, ya yi mini magana irin ta uba. "Yaro, shari'a ta san mutane na rantsuwar wauta, shi ya sa ta buɗe ƙohwa. Ka ciyad da miskinai goma, in ba ka iyawa ka yi azumi ukku, ka tahi ka gaida mutum. Mi ad da wuya ciki?"

Allah ya sani na so in karɓa. Tuwon mutum goma ba zai gagare ni ba. Amma kowace safiya in na fito, Garba na bakin ƙofa yana jira. "A'a, ina kwana baƙo? Ashe ba ka tahi ba? Ko jakin na yaƙ ƙi tashi?" Tsakanin taubasai ba a fushi, dole ka haɗiye. Abin ya bazu, har mata masu fura in sun gan ni sai su tambaya ko su auna mini ta guzuri. Na ga in na yi kaffara, har in mutu sunana mai tuwon goma.

Na gaya wa Ige zan tafi Ƙonni wurin kawu, in na sami wuri in dawo in ɗauke ta. Tana zaune ta jingina da bango, ƙafafunta sun kumbura. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, in na haihu, wa za shi yanka rago?" Na ce kafin nan na dawo. Ta ce, "Shi Ummarun ya san za ka tahi?" Na ce manya ba a damunsu da ƙananan maganganu. Ta dube ni kawai, ta ci gaba da tsince wakenta.

Da gangan na zaɓi ranar kasuwa don a gan ni. Na ɗaura wa jaki igiyoyi da tabarma, na ratsa tsakiyar gari ina taku ɗai-ɗai. Garba ya raka ni har dutsen iyaka yana ta addu'ar Allah ya kai ni lafiya, kamar mai tafiya Makka. A can ne kawai na ga fuskarsa ta sauya. Ya riƙe mini hannu ya ce, "Kai, wasa na fa nika yi. Mu koma gida." Na fizge hannuna na tsallaka. Goron da na sa a baki a Illela ban gama tauna shi ba na isa Ƙonni. Iyakar nisan hijirar tawa ke nan.

Gidan kawu na tarar da shi a rufe da ƙaya. Wata tsohuwa maƙwabciyarsa ta ce ai ya kwashe iyalinsa ya gudu Illela ta hanyar daji, saboda kamun da ake yi. Wato mun saɓa a hanya, shi yana gudun wuta, ni ina shiga cikinta da jaki. Mai hankali da nan ya juya. Ni kuwa na tuna fuskar masu fura, na ce bari dai in kwana biyu, ko don a ce na tafi.

Washegari na baza igiyoyina a kasuwa. Na lura babu samari a kasuwar, daga tsofaffi sai mata, amma na ce wannan ai sa'a ce, babu mai yi mini kishiya a ciniki. Can sai ga masu jajayen huluna, dogaran Faransa, su da bulala. Babbansu ya ɗaga igiya ya ja ta da hannu biyu, daidai yadda Ummaru ya yi, ya gyaɗa kai. Suka kwashe igiyoyin duka. Sannan ya dubi kafaɗuna, ya sake gyaɗa kai, suka haɗa da mai igiyar. Jakin kuwa ban sake ganinsa ba har yau.

Da igiyata aka ɗaure ni. A wuya, a jere da sauran mutane, kowa da maƙwabcinsa. Aka zube mu a filin bariki cikin rana, ana jiran a cika adadin da ake so a kora mu arewa, inda aka ce ana yaƙi cikin rairayi, kuma waɗanda aka kai da farko ba a ga dawowarsu ba. Na yi ta murza ƙullin da yatsu in dogarai sun ba da baya. Ko gezau. Ban taɓa baƙin cikin iya sana'ata ba sai a filin nan.

Wanda ke ɗaure kusa da ni wani saurayi ne sa'ana, Mamman, daga wani ƙauye gabas da Ƙonni. A gona aka kama shi, da hauya a hannu. Shi kaɗai ne namiji wurin uwarsa. Ya tambaye ni daga ina, na ce Illela. Ya juyo har igiyar ta shaƙe mu duka biyu.

"Illela? Mi yak kawo ka?"

Na ba shi labari, da Ummaru da Labbo da rumbu da rantsuwa. Ina faɗi ina jin yadda maganar ke ƙanƙancewa a bakina. Na so ya yi dariya, da ya fi mini sauƙi. Bai yi ba. Ya ce, "Mu muna roƙon Allah shi ba mu hanyar zuwa can, kai ka baro can da ƙahwarka. Kana da iyali?" Na ce mata da tsohon ciki. Ya kau da kai. A nan na yi kuka, kuka na gaske, na tsoro da na nadama, don na tabbata ɗana zai tashi ana nuna shi ana cewa ga ɗan wanda ya tafi yaƙin Faransa saboda goro.

Abin da ban sani ba shi ne, wani mai kanwa ya gan ni a igiya ya kai labari Illela. Ige ta tashi da cikin nan nata, ta taka har ƙofar gidan Labbo, mutumin da mijinta ya mayar abin dariyar kasuwa, ta durƙusa a zaure gaban jama'a. An ce ba ta iya cewa komai ba sai, "Ba shi da hankali, amma shi gare ni."

Wata hantsi muna zaune sai muka ji hayaniya a bakin bariki. Na ɗaga kai na hango Labbo a kan wani akawalin doki, da sabon rawaninsa, ya yi masa yawa. Bayansa rabin kasuwar Illela ne, har da Garba, har da kawuna da na zo nema. A gefen dokin kuwa wani dogo ne ke tafe a ƙasa yana riƙe da butar Labbo. Na ƙifta ido na sake dubawa. Ummaru ne. Shi ma da sabon rawani. Ashe tun washegarin naɗi ya je ya yi mubaya'a, aka ba shi Ɗangaladima, suka ci tuwo kwano ɗaya. Kowa a gari ya sani. Ni kaɗai ne ban ji ba, ina ɗaki ina zazzaɓin ƙarya.

Labbo ya sauka, ya keɓe da tafinta, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Sannan aka fito da kumandan, wani jan Bature mai gashin baki, aka ajiye masa kujera a inuwa. Labbo ya nuna ni ya ce wancan mutumin ƙasar Ingilishi ne, talakansa ne, kuskure ya kawo shi. Baturen ya yi maganarsa ta hanci, tafinta ya juya.

"Kumandan ya ce ba a sakin mutum don wani ya ce nashi na. Shi hwaɗi da baki nai." Ya matso ya tsaya a kaina. "Kai. Wa as sarkinka?"

Duk waɗanda suka ji rantsuwata a gindin tsamiya suna tsaye suna kallona. Kuma ka san irin wautar ɗan Adam, da igiya a wuyana, da rairayin arewa a gabana, sai da na ɗan tsaya. Na dubi Ummaru, ina jiran ko da ido ya ce mini wani abu, ko sannu, ko na gode. Ya yamutsa fuska ya ce, "Kai, hwaɗi mana, rana na dukanmu!"

Na ce, "Labbo na," a hankali.

Tafinta ya ce kumandan bai ji ba. Kuma ya ce a ƙasarsu talaka ba ya kiran sunan sarkinsa gatsau, ko a Ingilishi haka ake yi?

Na ja gwiwa zuwa gaban Labbo, igiyar na jan Mamman a bayana. Na sa goshi a ƙasa, na ɗebi ƙasa na zuba a kai, na ɗaga murya yadda na ɗaga ta a gindin tsamiya. "Ranka shi daɗe! Kai as sarkina. Ranka shi daɗe!" Da ƙasar nan ta tsage da na shige, ban ko waiwayo ba.

Dogari ya zo kwance ni. Wani ya miƙo wuƙa, ya ce a'a, igiya mai kyau ce, ba a yanka ta. Yana kwancewa Mamman ya raɗa mini, "Ka ce ni ƙanenka na." Na faɗa wa Labbo. Labbo ya dubi Mamman, ya san ƙarya ce, amma ya juya ya ce wa tafinta wannan ma nasa ne. Tafinta ya yi murmushi ya ce ya san uban Mamman, ya san gonarsu, kuma doki ɗaya mutum ɗaya yake fansa. Sai a lokacin na lura an ja akawalin an shige da shi bayan bariki.

Mamman bai roƙi kowa ba. Ya gaya mini sunan ƙauyensu, ya ce in gaya wa uwarsa hauyar tana gindin gawo, kada a bar ta ta ɓata. Na waiwaya sau ɗaya muna fita. Maɗaukin igiyar da aka cire daga wuyana yana nan a buɗe kusa da shi, yana lilo. Na san ba zai daɗe babu wuyan wani a cikinsa ba, don adadi ake nema, kuma ni na rage shi.

A ƙasa muka koma Illela, sabon mai gari na tafe da ƙafa cikin ƙura, talakawansa na biye. Ba wanda ya tsokane ni, har Garba, kuma wannan shirun ya fi tsokanar ciwo. Muna tafe na ji Ummaru a bayana yana tambayar Garba, "Wai wanga yaron ɗan wa na? Mi as sana'a tai?"

Da muka zo dutsen iyaka Labbo ya rage tafiya har na cim masa. Ya daɗe yana kallon ƙasa, yadda ya saba. Sannan ya ce, "Labarin da kaka ba mutane, akwai gyara ciki. Ba rumbu na ba. Tsohuwar rijiya ta." Na rasa inda zan sa fuskata. Ya ce, "Na ji tsoro ranan nan. Yau ma na ji tsoro. Tahi gida, matarka na jira."

Ige ta haihu namiji ba da daɗewa ba, kuma ni na yanka ragon. Na yi kaffarata, tuwon mutum goma da miyar kuka, wanda da na yi tun farko da jakina na nan, da dokin Labbo na nan. Na je ƙauyen Mamman na isar da saƙo. Tsohuwar ta je gindin gawo ta ɗauko hauyar, ta rataye a ɗaki. Na riƙa leƙa ta duk kaka da ɗan abin da ya samu har ta rasu, kuma hauyar na nan a rataye. Mamman bai dawo ba.

Labbo ya yi mulkinsa, ba waliyyi ba ne, akwai shekarar da ya ba da mutane aikin hanya har muka yi ta zaginsa a ɓoye. Amma bakina bai sake shiga tsakanin masu neman rawani ba. Sunan da na gudar wa kaina kuwa ya same ni duk da haka, sai dai ba mai tuwon goma ba, Alhajin Ƙonni ake ce mini, kuma har jikokin Garba da shi suke kirana.

Shi ya sa in samarin nan suka zo suna cika mini zaure da wane ne zai gyara ƙasa, wane ne zai sayar da ita, ba na hana su. In dai na ji wani ya fara wallahi tallahi, sai in kira shi gefe in ce masa, kafin ka ƙarasa, tashi ka je ka tsaya gaban mutumin naka, ka gaishe shi, ka ji ko ya san sunanka.